Motar da Alu Bai Ji Ba

Jega,
12 ga Janairu.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Tabawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Ki rage tsayuwa a madafa, akwai masu yi miki.

Direban motar Maiyama na ba wannan takarda. Na san za ki ce ni kaɗai na rage a jihar Kebbi mai aika wasiƙa ta tasha. Waya ba ta da sirri a gidanki. Kina ɗagawa kike buɗe murya, har matar da ta shigo aron turmi sai ta sa baki.

Kin aiko kina tambaya ko girkinki ne ya ɓata mini rai ranar Talata, tunda na tashi ban taɓa tuwon ba. Ba girki ba ne, gajiya ce.

Bari in gaya miki abin da nake yi da motar da ɗana Kamaluddeen ya saya mini, tunda a nan ba mai saurare. Irin wadda ake kira haibirid ce, tana da injin fetur, tana da babban batir, suna karɓa-karɓa. Ɗan naki ya kawo mini ita ne don zuwa masallaci da asibiti, kamar yadda ake miƙa wa tsoho sanda. Ya manta, ko kuwa bai taɓa sani ba, cewa shekara huɗu na yi a Ingila ina karatun injin mota, na dawo na yi talatin a ma'aikata ina rubuta rahotannin da ake ɗora kofin shayi a kansu.

Wata uku ke nan ina gwaji tsakanin Jega da Maiyama. Akwai allo a gaban motar mai nuna kilomita nawa lita ɗaya ta kai ni. In na bi kwalta ina gudu ɗari da goma irin na 'yan tasha, sha bakwai nake samu. Iska ce ke cinye man, domin in ka ninka gudu, turjiyarta ninki huɗu take yi. In na tsaya a saba'in, ashirin da uku, sai dai tireloli su cika mini kunne da hon. Ramuka ma ɓarayi ne. Birkin gaggawa asara ne zalla, amma in ka fara takawa a hankali tun daga nesa, ƙarfin komawa batir yake yi.

Daga baya na gwada tsohuwar hanyar ƙasa, wadda ta ratsa ƙauyuka ta bayan fadama. Ta fi kwalta tsawo da kilomita tara, amma marmara ce mai tauri, ba yashi, kuma a gudun talatin zuwa arba'in injin yakan mutu da kansa, batir ya ja motar. Ta nan na zo miki ranar Talata. Ashirin da tara da ɗigo shida. Doguwar hanya ta fi gajeruwa ƙarancin shan mai. Na faɗa a majalisarmu, Alhaji Garba mai albasa ya ce shi dai in mota ta kai shi inda za shi, ya gode Allah. Da irin waɗannan aka bar mu.

Ta kwalta na dawo, kuma ban sake fitar da motar ba tun ranar.

Ke da kika daɗe a ɗakin shan magani na wancan yankin, har yanzu mutanen ƙauyukan suna zuwa miki. Akwai wani labari daga can a makon nan? Tambaya ce kawai.

Ki gaida Alhaji. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Magaji

*

Maiyama,
15 ga Janairu.

Yaya Magaji,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun samu takardarka, muna nan lafiya lau, ƙafa da sauƙi. Ina fatan kai ma kana lafiya, kana kuma cin abinci. Lissafinka na lita na ba Alhaji ya karanta, a layi na uku barci ya ɗauke shi. Ka riƙa aikowa, ya fi maganin da likita ya rubuta mishi.

Labari kam akwai, kuma ba mai daɗi ba.

A Tungar Gudiya, garin nan da hanyar ƙasa ta raba biyu, akwai wani makaho, Alu, mai tufkar igiyar kaba. Gidansa matsattse ne, don haka in zai miƙe doguwar igiya sai ya ɗaure kai ɗaya ga tsamiyar da ke ƙetaren hanya, ya naɗa ɗayan a ƙugunsa, ya ja da baya shina murɗawa. In ya ji mota ko babur sai ya matso gaba, igiya ta kwanta ƙasa, a taka a wuce. Shekara arba'in haka yake aiki. Babur ɗin kowa a garin da ƙara yake gane shi, har ya gaya ma mutum ya kai nasa gyara.

Talatar makon jiya da hantsi, mutane duk suna fadama wajen ban-ruwan albasa, wani abu ya fizge shi ya buga da tushen tsamiya. Ƙugu ya karye, igiya ta tsinke, rabinta ya ɓace har yau. Ya rantse da Allah babu motar da ta wuce. Abin da ya ji kawai, in ji shi, wani sululu ne kamar maciji cikin busasshen ganye. An duba ƙasa, amma motocin ɗaukar albasa sun cika hanyar da sawu, ba a gane komai ba.

Anka kai shi Aliero wajen masu ɗori. Can zazzaɓi ya rufe shi, shina ta kiran sunan Hamsatu. Ita Hamsatu mijinta ya rasu, ƙosai take toyawa a bakin wannan hanyar. Da safen ranar sun yi cacar baki don akuyarta ta ci mishi kaba, anka ji ta ce za ya gani. Ka san sauran. Wai mayya ce, ta kama kurwarsa.

Jiya ta zo min, a ƙasa ta tako, don 'yan kabu-kabu sun ƙi ɗaukarta. Haihuwarta huɗu ni na karɓa, na san matar nan. Ba mai sayen ƙosanta. In ta je rijiya mata ja da baya sukai har ta gama. Mai gari ya yanke cewa ranar da Alu ya dawo, za ta tsallake shi sau uku gaban jama'a don ta sako kurwar, in ta ƙi ta bar garin. Ta ce min in ta tsallaka ta amsa ke nan, kuma sunan zai bi ɗiyanta mata biyu har kabari. In ta ƙi, gida da gonar da mijinta ya bari sun tafi. Na ba ta abinci, ta ce in zuba mata a ganye kar masu gidana su ƙi kwanon.

Yaya, ranar Talata da hantsi kai ma ta nan ka biyo. Ba ka ga komai ba?

A gaida mutanen gida. Allah ya tsare mu da zato.

Ƙanwarka,
Tabawa

*

Jega,
18 ga Janairu.

Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Wannan takardar ke kaɗai za ki karanta.

Rabin igiyar da ya ɓace yana ɗakina. A ƙofar gidanki na zare shi daga ƙarƙashin bambar motar, kafin in yi sallama. Shi ya sa ban ci tuwon ba.

Ga yadda aka yi. Kafin Tungar Gudiya akwai tudu, bayansa doguwar gangara. Na sauko ina taɓa birki kaɗan-kaɗan har batir ya cika taf, injin ya mutu. Na'urar sanyi tun daga gida na kashe ta, domin ita ma batir take sha. Na shiga garin a gudun ashirin da biyar, ba ƙara ko kaɗan. Lambar allo tana hawa, ashirin da tara da ɗigo ɗaya, da biyu, da uku. Idona yana kanta. Ban ga igiya ba domin ba hanya nake kallo ba. Sai na ji motar ta ɗan dakata, kamar an riƙe mata riga, ta kuma saki. Na duba madubi na ga mutum a ƙasa gindin tsamiya.

Na so in rubuta miki cewa tsoro ne ya hana ni tsayawa, tsoron kar a taru a kaina. Da hakan ya fi mini sauƙi, kowa ya san tsoro. Amma ba kowa a garin. Ƙafata ta tashi za ta kan birki, sai lissafi ya zo mini: in na tsaya cik, tashi daga tsaye zai tayar da injin, lambar ta faɗi, gwajin wata uku ya lalace. Daƙiƙa biyu ko uku na yi a wannan tunani. Na sake duban madubi na ga kamar ya ɗaga hannu, na ce wa kaina ai ya tashi. Sai kwana ta zo, tsamiyar ta fita daga madubin.

Kuma ba a rashin sani ba ne. Sababbin motoci irin wannan da gangan ake sa musu wata 'yar ƙara saboda makafi da masu tafiya a ƙasa. Tawa tsohuwar ƙira ce, ba ta da ita. Na karanta wannan da idona, har na yi wa Kamaluddeen bayani ina jin daɗin na fi malamin jami'a sani.

Jiya na fitar da ita zuwa kasuwa. Duk lokacin da aka tayar da ita, allon yakan nuna lambar da ta fi kowacce kyau, kuma ta ranar nan ce. Ana iya sharewa. Na ɗora yatsa na kasa. A cunkoson kasuwa injin ya mutu, na samu kaina ina bin bayan mutane, mahauci da nama a kafaɗa, wasu mata biyu suna hira, ba wanda ya waiwaya. Taku ɗaya ne tsakaninmu. Na yi ta binsu kamar wanda ya mutu ba a gaya masa ba. Kowane lungu na shiga, jikina yana jiran jan nan. Ko a kan tabarma nake zaune sai in ji shi a ƙuguna.

Kin san shekarun da na yi ina zagin mutanenmu a kan camfi, har aka daina gayyatata suna. Yau ga ni, ni ne abin da ya ratsa Tungar Gudiya ba a gani ba, da takardar shaidata ta Ingila a rataye a bango.

In na je na faɗa, abu ɗaya da ya rage mini a garin nan ya tafi, wato a ce Injiniya mutum ne mai tsantseni, ko da ba a amfana da shi ba. Kamaluddeen kuma a Aliero yake koyarwa, kafin azahar maganar za ta isa ajinsa. Wataƙila in zazzaɓin ya sauka Alu zai janye sunan matar. Irin wannan magana takan mutu da kanta in aka ƙyale ta. Me kika gani?

Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Magaji

*

Maiyama,
20 ga Janairu.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na ƙone takardar a murhu. Alhaji bai sani ba.

Ka tambayi abin da na gani. Na ga Hamsatu ranar kasuwa tana sayar da akuyar. Zazzaɓin Alu ya sauka tun shekaranjiya, kuma bai janye komai ba, don shi ma amsa yake nema, kuma wagga ita ce kaɗai anka ba shi. Irin wagga magana ba ta mutuwa, Yaya. Na yi aiki a ƙauye shekara ashirin da shida. Na san wata tsohuwa da ake gudun jikokinta saboda abin da anka ce ma kakarta.

Da zan iya, da ni na tafi na faɗa. Amma kowa ya san Hamsatu tawa ce, za su ce rufa mata nike. Kai ne za ka je, da motar, da igiyar.

Tun muna yara kai ake nuna muna. Baba yakan ce ma baƙi wanga zai gyara ƙasa. Ba a bar ka ka gyara ba, na yarda, na ji wannan kukan shekara talatin kuma ban taɓa ce maka ya isa ba. To ga abu guda wanda babu shugaban ma'aikatar da ya tare maka hanya.

Masu ɗori sun ce ranar Alhamis, sha uku ga watan gobe, za a maido Alu gida. Washegari bayan sallar Juma'a za a yi tsallaken. Ka rubuta wannan cikin littafin lissafinka.

Ina maka addu'a kamar yadda ka ce. Ina yi ma Hamsatu ita ma, kuma tata nike farawa.

Ƙanwarka,
Tabawa

*

Jega,
15 ga Fabrairu.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Sama da mako uku na yi ban amsa miki ba, kuma ba ni da wani dalili sai wanda kika sani. Na tabbata labarin jiya ya riga takardar nan isowa, amma ki ji daga bakina.

Ranar Talata na je Aliero. Sai da na fara biyawa ta wajen Kamaluddeen na gaya masa. Ya tashi ya kawo mini ruwa, ya koma ya zauna yana kallon hannuwansa. Daga nan na tafi gidan ɗori. Na samu Alu a kwance a rumfa, an ɗaure shi da karare daga ƙugu zuwa gwiwa. Tun ina nesa ya ce wa mai jinyarsa ga baƙo nan mai takalmin boko, yana jan ƙafar hagu. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariyar da ta sa shi riƙe ƙugu.

"Malam, mota da ba ta da murya? Wa yat turo ka?"

Na ce ba wanda ya turo ni. Na sa masa igiyar a hannu. Ya shafa ta daga farko har inda ta tsinke, ya ce tasa ce, tufkarsa ce. Sai ya tambaye ni a ina matar ta ɓoye ta. Wani a rumfar ya ce ai wannan yayan Hajiya Tabawa ne ta Maiyama. Shi ke nan. Igiyar da na kawo don ta wanke Hamsatu ta zama shaidar cewa a hannunta take tun farko, ta ba ki, kika ba ni.

Na ce to zan kawo motar ranar Juma'a su gani da idonsu.

Jiya na makara. Gaskiya sau biyu na zauna a motar na fito. Da na ga lokaci ya ƙure, sai na hau kwalta ina gudu ɗari da ashirin, na kunna na'urar sanyi saboda gumin da nake yi, na yanke ta wata gajeruwar hanya da ke shiga garin ta gabas. Yashi ne tun daga bakin titi. Motar ta yi ta fama, batir yana taimakon inji, yana zubewa ina kallo. Na isa batir yana nuna layi biyu kacal cikin takwas. Ni da na yi wata uku ina rubuta abin da gudu da yashi ke yi wa motar nan, ranar da ilmin zai yi amfani na tuƙa ta kamar ɗan tasha.

Duk garin yana gindin tsamiya. An kwantar da Alu a tabarma. Hamsatu tana tsaye can gefe ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da mutane kamar an share. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Gajeruwa ce, a bayan hannunta akwai tabon mai.

Na yi bayani, mai gari ya ce in nuna. Na koma baya na taho a hankali. Saura taku goma in kai tabarmar, injin ya tashi don ya cika batir. Ba ya neman izini. Alu ya ɗaga yatsa ya ce ga ta nan, silinda huɗu, kuma akwai abin da ke kaɗawa a ƙarƙashinta. Mutane suka fashe da dariya. Na sake gwadawa sau biyu, injin bai mutu ba. Wani ya ce tsohon nan karatu ne ya taɓa shi. Wani ya ce a'a, shi ma ta kama shi ne, ku dubi idonsa.

Aka fara kiran Hamsatu ta matso. Ba ta motsa ba. Liman, wani dattijo Malam Ya'ƙub, wanda na ji tun farko bai yarda da tsallaken ba, shi ya tsaya ya ce mutum ba ya zuwa daga Jega ya ɗora wa kansa karya ƙugun makaho don nishaɗi. Ya roƙi mako ɗaya. Mai gari ya ba da, ya ce daga shi babu ƙari.

Da zan tafi na wuce ta gabanta. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, da ban zo ba da ya fi mata.

Ban san ko motar za ta yi shiru gaban mutane ba. Na fara tunanin ko ranar nan kaɗai aka ba ta.

Yayanki,
Magaji

*

Maiyama,
17 ga Fabrairu.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ƙoƙari. Ka je, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da ka ɓata.

Hamsatu ta ɗaure kayanta. Ta aika ɗiyanta wajen ƙanen uwarta a Andarai. Ta ce in Juma'a ta zo anka sake kiran sunanta, ba za ta tsaya ji ba, hanya za ta kama.

Kar ka fara min zancen wai ranar nan kaɗai anka ba motar. Kai ne mai zagin camfi. Ni ban yi Ingila ba, amma na karanta takardunka, ban yi barci ba kamar Alhaji. Ka fito da wuri. Ka bi doguwar hanya. Ka kashe sanyin nan, gumi ba ya kisa. Ka sauko gangarar kana taɓa birki kamar yadda ka faɗa. Duk yadda ka tuƙa ta ran da ka yi ɓarnar, haka za ka tuƙa ta, ba ragi. Na san abin da hakan zai yi maka. Bambancin kawai, wannan karon hanya za ka kalla.

Na gaya ma Alhaji komai. Na so in bi ka, ya ce nauyina kaɗai ya isa ya tada injin, in zauna gida. Zan zauna, kan sallaya.

Allah ya ba da sa'a.

Ƙanwarka,
Tabawa

*

Jega,
22 ga Fabrairu.

Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Na yi yadda kika ce. Jiya na sauko gangarar batir a cike, layi takwas. Na roƙi Liman kar a gaya wa Alu lokacin da zan taho, a bar shi yana magana. Yana kwance yana ba mutane labarin motocin da ya sani tun zamanin a-kori-kura, yana cewa babu wadda ta taɓa wuce shi. Na wuce shi, tayata da tabarmarsa bai fi kamu biyu ba. Na juyo na sake wucewa, na kuma. Bai yanke maganarsa ba. Sai da ya ji garin ya yi tsit ya tambaya mi ya faru.

Liman ya kama hannunsa ya ɗora a jikin motar. Alu ya daɗe yana shafawa.

"Sau nawa?"

Aka ce uku.

Alu ya sa aka kira Hamsatu, ya roƙi gafararta gaban kowa, ta ce ta yafe. Mai gari ya ce magana ta ƙare, a aika a dawo da yaran. Na roƙe ta ni ma, ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Haƙƙin Alu da ke kaina na ce wa Liman ya yanke, na ɗauka.

Da la'asar ta kwance kaya ta hura wuta a bakin hanya. Matar Liman ce ta fara miƙa kwano, sai wata, sai aka daɗe, sai wata. Yawancinsu daga nesa suke kallo tukuna.

Alu ya ƙi yarda a shigar da shi ɗaki. Ya tambaye ni ko irin motar nan suna da yawa, na ce ƙaruwa suke yi. Daga nan bai sake yi mini magana ba. Yana kwance fuskarsa na fuskantar hanya, jim kaɗan sai ya ɗaga kai ya karkata kunne, alhali ba komai a hanyar. Ya yi haka ya fi sau goma ina zaune. Can ya tambaya, ba da kowa yake ba, ko akwai abin da ke wucewa yanzu. Hamsatu ce ta amsa daga bakin kaskonta, ba ta ko ɗago ba.

"Babu, Alu. In akwai ni hwaɗa maka."

Ki gaida Alhaji da yara. Allah ya yafe mana.

Yayanki,
Magaji